Mai Masaukin Baƙi

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifiyar mijina, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Ta fara aiki tana malamar firamare, ta koma karatu da goyo a bayanta, ta ƙare rayuwarta tana bincike a kan yaran da karatu yake yi wa gardama, kafaɗa da kafaɗa da likitocin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Abokan aikinta sun yi nasu rubutun, sun ambaci tarurrukan da ta halarta da ɗaliban da ta yaye. Wannan fannin ba nawa ba ne. Ni matar ɗanta ce, uwar jikokinta biyu, kuma abin da idona ya gani a cikin gida shi zan faɗa.

Mama, da ke zan yi magana, don har yau harshena ya ƙi karɓar kalmar marigayiya.

Na shigo gidanki da shirin yaƙi. A littattafan soyayyar da na tashi ina haɗiya, uwar miji ba ta da sana'a sai ƙulla tuggu, ta yi miki murmushi a tsakar gida, ta wasa wuƙa a ɗaka. Har na tanadi irin amsoshin da jarumar littafi ke bayarwa, kai a sunkuye, hawaye na gangarowa a hankali. Ban daɗe da tarewa ba kika same ni a kicin, ina zaune a kan bokitin da na kife, littafi a hannu, tukunya na ta hayaƙi a bayana ban sani ba. Na ce a raina, yau ranar ta zo. Kika kashe wutar, kika buɗe taga, kika miƙo hannu, na ba ki littafin. Kika daɗe kina juya shafuka, fuskarki na ƙara murtukewa.

"Wa ya buga wannan abin?" kika ce. "Ko lanƙwasa ɗaya babu a kan haruffan. Duba nan. Wannan saurayin, kishi yake ji ko ƙishi? Haƙuri za a ba shi ko ruwa?"

Kika zaro biro daga jaka, kika jawo kujera, kika hau bin ɓ da ɗ da ƙ kina mayar musu da lanƙwasarsu, wai kina sa musu hula, don bai kamata a fitar da harafi cikin mutane kai ba hula ba. Tukunyar ni na kankare ta, kuma ba ki taɓa tayar da zancenta ba. Ranar kika raɗa mini suna Uwar Labari, ranar kuma na ajiye makamaina.

Daga baya aiki ya ɗauke mu zuwa wani gari mai nisa, muka yi shekaru sai waya da ziyarar hutu. A can jikanki na fari, wanda kike kira Angona, ya shiga makaranta. A baki ba a ƙure yaron nan. In na ba shi labari sau ɗaya zai maimaita wa ƙanwarsa har da muryoyin mutanen ciki, ya ƙara nasa gishirin. Amma a ajiye masa takarda, sai ka ga kamar an kashe fitila a fuskarsa. Ya kai shekara takwas bai iya haɗa haruffa huɗu su ba shi kalma ba. Abin da yake yi, ya saurari abokansa ya haddace shafin, in an zo kansa ya riƙe littafi ya rera. Kullum da safe cikinsa na ciwo, ranar hutu kuwa lafiya lau. Ɗanki ya gwada faɗa, ya gwada lallashi, ya ɗauko mai darasin gida, duk a banza. Ya kuma roƙe ni kada in kai miki maganar. Kunya yake ji, wai a ce jikan mai gyara karatun 'ya'yan wasu shi ne na ƙarshe a aji.

Da muka dawo garinki, ba ki buƙaci kowa ya faɗa miki ba. A zuwanmu na farko yaron ya ɗauko littafinsa don ya burge ki, ya rera shafin tsaf, idonsa na kan fanka, ya juya shafi tun bai kai rabinsa ba. Kika yi masa tafi. Bayan ya fita wasa kika dubi ɗanki, kika tambaye shi tun yaushe. Ya sunkuyar da kai. Ba ki yi masa faɗa ba, kika ce kawai, mai ciwo a gidan likita shi ya fi kowa daɗewa bai ga likita ba.

A sabuwar makarantar ma ba a jima ba aka gane. Shugaban makarantar ya kira mu, mutum mai kirki, ya yi mana magana a tsanake. Ya ce a ƙarshen zango na biyu kowane yaro yakan tsaya gaban malamar aji ya karanta sakin layin da bai taɓa gani ba. In yaronmu ya kasa, za a mayar da shi baya aji biyu ya sake tushe. Aji biyu baya, Mama, shi ne ajin ƙanwarsa. Da labarin ya kai kunnensa bai yi kuka ba. Ya ce mini a hankali, in aka zaunar da shi benci ɗaya da ƙanwarsa, shi da makaranta har abada, ko za a yanka shi. Na san ɗana. Ba barazana yake yi ba.

A lokacin kuna tsakiyar wani bincike, ke da likitan hoto da sauran abokan aikinki. Kuna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yaran da karatu ke ba wuya yayin da suke kallon kalmomi, ku koyar da su na wasu watanni ta hanyar da kika tsara, sannan ku sake ɗaukar hoton ku ga abin da ya sauya. Kika nemi izininmu kamar yadda kike neman na kowane iyaye, kika yi mana bayani dalla-dalla, kika ce in mun ƙi ma za ki koyar da shi. Kika kuma cire hannunki daga auna sakamakonsa, kika bar wa likitan hoto, kika ce idon kaka ba ma'auni ba ne. Wannan na daga cikin abin da nake alfahari da shi in ana zancenki.

Ni dai tsoro ya kama ni. Duk jarumin da na taɓa karantawa an tura shi cikin na'ura a asibiti, to zai farka ya manta sunan matarsa. Da na faɗa miki haka kika yi dariya har kina share ido da bakin mayafi, kika ce in kwantar da hankalina, wannan na'urar ba ta karanta littattafaina ba.

A ofishinki akwai wani ƙaton kwali da kika naɗe kamar bututu, kika shimfiɗa bargo a ciki. A nan yara ke koyon kwanciya ba motsi kafin ranar hoton, kina kunna musu ƙarar na'urar a waya don kunnensu ya saba, kina ce musu wasan mutum-mutumi ne, wanda ya motsa ya faɗi. Ranar da muka je ɗakin na gaskiya, aka sa muka cire duk wani ƙarfe, makulli da agogo da 'yan kunnena, har fil ɗin ɗankwalina. Ɗakin sanyi ƙalau, na'urar fara, da rami a tsakiya, in ta fara aiki kamar maƙera sun haɗu a wuri guda. Aka toshe masa kunne, gadon ya zame da shi ciki, ban ga komai nasa ba sai tafin ƙafafunsa cikin safa. Kika zauna kusa da shi hannunki a kan idon sawunsa har aka gama. Bai motsa ba. Da ya fito ya ce miki na kwalin ya fi daɗi.

Bayan 'yan kwanaki likitan hoto ya nuna mana a allon kwamfuta. Na ga cikin kan ɗana, toka-toka kamar gajimare, da ɗigon ja da rawaya nan da can. Ya ce launin yana nuna inda jini ya fi kai komo, wato inda aiki ya fi yawa. A gefen hagu, wajen bayan kunne, inda yaran da karatu ya zauna musu sukan yi haske, nasa ya yi shiru. Ɗanki ya matso da kujera, ya tambaya ina ne wurin da ya lalace.

"Babu inda ya lalace," kika ce. "Kuma kada ka ɗauki hoton nan ka mai da shi alƙali. Hoton yaro ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an haɗa na yara da yawa ake fahimtar wani abu. Abin da nake so ka gani ɗaya ne. Dubi nan gaba, dubi can dama, ka ga yadda suke ci da wuta. Yaron da kake cewa malalaci ya fi kowa a ajinsu wahala a kan layi ɗaya. Doguwar hanya yake bi."

A mota ɗanki ya juya ya dubi yaron, ya daɗe, sannan ya tambaye shi ko yana son a tsaya a saya masa wani abu. Tun daga ranar ban sake jin kalmar lalaci a gidanmu ba. Ko iya wannan hoton ya yi mana, ya biya.

Sai dai yaron kansa bai ga dalilin murna ba. Shi a wurinsa an leƙa cikin kansa an tabbatar da abin da ya daɗe yana zargi. Ya ƙi zuwa ajinki na yamma inda kike koyar da yaran binciken, ya ce ba zai zauna da yaran da ba su iya komai ba. Kika ce a ƙyale shi, ke za ki zo gida.

Rannan da la'asar saƙonki ya shigo wayata: "Gobe da safe zan zo wa Angona da baƙi uku. A share masa tebur." Na miƙe tsaye. Baƙi uku daga wurin aikinki, na ce lallai manyan likitoci ne, wataƙila har da wanda ya zo daga ƙasar waje. Kafin magariba na gama ƙirƙira musu fuskoki da tarihin rayuwa. Na aika aka sayo kaji da lemo, na wanke labule, na fito da farantan da ba a taɓawa, na sa yaran suka yi wanka da wuri na shirya su cikin kayan fita. Na share tebur kamar yadda kika ce, na jera abinci a kai har ba wurin ajiye cokali.

Kika yi sallama ke kaɗai, da 'yar jaka a hannu. Na leƙa bayanki, na leƙa bakin ƙofa, na tambaye ki ko baƙin suna tafe a wata motar. Kika dubi teburin, kika dube ni, kika zuge jakar, kika fito da haruffa uku da aka yanka da katako: b da d da m. Baƙi uku. A baki kalmomin nan biyu ba sa haɗa hanya, baƙi na harafi a gajarce yake fita, baƙi na masu zuwa gida kuwa ana jan sa. A rubuce ne suke tagwaye, kuma ni da ke cinye littafi a zama ɗaya na ɗauki Hassan a matsayin Husaini.

Wanda ya fara fashewa da dariya jikanki ne. Ya faɗi a kan kujera yana riƙe ciki, yana nuna ni.

"Kaka, Ummanmu ma ba ta iya karatu ba! Ta soya wa katako kaza!"

"Rufe mana baki, marar kunya," kika ce, ke ma kina dariyar. "Uwar Labari ba ta yi kuskure sosai ba. Ai baƙi ne. Zo ka ji, Angona."

Kika ture faranti ɗaya gefe, kika jera haruffan a gabansa. Kika ce masa kan mutum gida ne, an gina shi da ɗakin magana, da ɗakin gane fuska, da ɗakin jin sauti, amma babu wanda aka haifa da ɗakin karatu. Haruffa baƙi ne da suka zo daga baya, dole kowane gida ya kwashe kaya ya ba su masauki. A wasu gidajen da sun yi sallama an buɗe musu. A wasu kuwa hanyar ɗakin ta cushe, sai an riƙe hannun kowane baƙo an raka shi, yau da gobe, har ya gane hanya da kansa. Kika ce gidansa babba ne, hanya ce kawai ba a share ba, kuma ke kin zo da tsintsiya. Ya ɗauki b ya jujjuya shi, ya tambaye ki ko baƙin suna cin kaza. Kika ce ba sa ci, amma mai masaukinsu tana ci. Ranar mu huɗu muka cinye abincin mutum bakwai, ranar kuma ya yarda ya zauna da ke.

Na sha tambayarki ko da gangan kika rubuta saƙon haka. Kullum sai ki rantse ba da gangan ba ne, kina kallon gefe. Daga nan kika kai zancen ajinki na yamma, har yaran suka daina ce miki Malama, suka koma Mai Masaukin Baƙi, iyayensu ma suka ɗauka.

Kada mai karanta wannan ya zaci daga nan komai ya zo da sauƙi. A littattafaina wahala shafi biyu ce, a juya a ga biki. A teburinmu ba haka aka yi ba. Ba da rubutu kika fara ba, da kunne kika fara. Ki faɗi kalma, ya farfasa ta sauti-sauti, yana tura marfin kwalba ɗaya gaba a kan kowane sauti. Sannan ya zana harafin da yatsa a tiren yashi yana furta sautinsa, ya shafe, ya sake. Kaɗan-kaɗan, amma kullum, ba fashi. Abin da ya riƙe yau gobe ya zube. b da d suka yi makonni suna musayar riga. Akwai ranar da ya yi jifa da tiren, yashi ya watsu har cikin kofin shayinki. Na yunƙura zan tashi, kika ɗaga mini hannu. Kika miƙa masa tsintsiya, kika jira ya share, kika ce to, ina muka tsaya. Kin sha faɗa mini cewa na'ura tana nuna inda aiki yake, amma ba ta taɓa koya wa yaro harafi ɗaya ba. Wannan aikin mutum ne da ya yarda ya zauna.

Haka kike da 'ya'yan kowa, ba jikanki kaɗai ba. Ranar da muke karɓar gaisuwa wani direban babbar mota ya tsaya a ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce 'yarsa ce kika koyar shekarun baya, yanzu ita ke karanta masa takardun kaya. Wata mata kuma ta ce da ɗanta ya ji tsoron na'urar ya ƙi shiga, kika ce a bar hoton, ba dole ba ne, amma kika ci gaba da koyar da shi har ya iya. Binciken ya rasa yaro ɗaya, yaron bai rasa komai ba.

Ana saura kamar wata biyu a yi gwajin makaranta ciwo ya kwantar da ke. Aka ba ki gado a asibitin da kika yi wa aiki, a bene na sama, ɗakin hoton yana ƙasa. A lokacin yaron ya fara haɗa kalmomi gajeru, amma jimla guda tana yi masa kamar hawan dutse. Na ga ranar na matsowa, na ga ke kina ja da baya, zuciyata ta karye. Na ce miki bari in je in roƙi shugaban makarantar ya ɗaga mana ƙafa. Kika ce roƙo ba laifi ba ne, amma ɗaga ƙafa ba ya share hanya. Kika sa na kawo tiren da marafan kwalba, kika koya mini daga kan gado yadda ake yi: kada in faɗa masa kalmar in ya tsaya, kada in nuna masa hoto ya yi hasashe, in ƙirga numfashina in bar shi ya fafata. Da safe ni da shi a gida, da yamma mu zo ki duba aikinmu. Kin fi gyara ni a kan gyara shi. Kika ce matsalata ina son in san ƙarshen labari tun ba a fara ba.

Da idonki ya yi rauni kika ce in riƙa karanta miki littattafan nan nawa, wai kina so ki san abin da ke ƙona miki tukwane. Ba kya bari in yi shafi biyu ba ki katse ni ba. Wannan jarumin ba shi da aikin yi ne? Wannan yarinyar ba ta da uwa? Amma in na rufe littafin sai ki ce to me ya faru da suka haɗu a tashar.

Wata yamma, satin ƙarshe, na ajiye littafin a buɗe a gefen gado na tashi zuba miki ruwa. Sai na ji murya a bayana, a hankali, kalma na bin kalma kamar mai taka ƙaya. Yaron ne, ya ɗora yatsa a kan layin. Babu wanda ya sa shi.

"Ta... ka-sa... ɗa-ga... kai... ta-na... kal-lon... ka-sa."

Ya tsaya. Ya koma baya da yatsa, ya sake bi. Na buɗe baki, na tuna gargaɗinki, na rufe.

"Kaka," ya ce, "wannan na ƙarshen ƙarya ne. Ba a kallon kasa. Ƙasa take kallo. Sun fito da shi ba hula."

Na dube ki. Sai na ga kafaɗunki na rawa, dariya kike yi, hawaye na bin gefen kunnenki. Kika ce in ba shi biro. Ya sa wa harafin lanƙwasarsa, a karkace, ya danna har ya kusa huda takardar. Bayan ya fita nemo ƙanwarsa kika riƙe hannuna kika ce, wanda ya furta abin da ke rubuce ya iya haruffa, wanda ya kama mai rubutu da kuskure kuwa, wannan karatu yake yi. Kika ce saura gudu, shi kuma gudu yana zuwa da tafiya, kada in bari a daina.

Ba ki kai ranar gwajin ba.

Bayan rasuwarki ɗanki ya ce a nemi a ɗage masa, kowa zai fahimta. Shugaban makarantar ma da ya zo gaisuwa ya ce a shirye yake ya jira. Muka tambayi yaron. Ya ce a'a, ranar da kowa zai yi shi ma ranar zai yi. Da safe mukan zauna da tiren kamar kullum, ni ina ɓoye fuskata, shi yana yi kamar bai gani ba.

Makon jiya aka yi. Na raka shi, na tsaya a baranda kusa da tagar ajin inda ba zai hango ni ba. Da aka kira shi ya fita gaba, malamar ta miƙa masa takardar. Ya daɗe yana kallon ta, har wasu yaran suka fara motsi. Sannan ya ɗora yatsa ya fara. Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, ba ki taɓa son ƙarin gishiri a sakamako ba. Bai yi sauri ba. Ya yi tuntuɓe a wurare da dama, a wata doguwar kalma ya tsaya, ya farfasa ta a ƙarƙashin numfashinsa, ya haɗa, ya wuce. Lokacin da ake ba kowane yaro ya ƙare bai kai ƙarshen sakin layin ba. Malamar ta karɓi takardar, ta yi masa tambayoyi a kan abin da ya karanta, ya amsa duka, har da ƙarin ra'ayinsa da ba a nema ba.

Da aka tashi shugaban makarantar ya kira ni ofis tare da malamar. Suka ce har yanzu yana bayan 'yan ajinsu, kuma zai daɗe yana buƙatar taimako da ƙarin lokaci. Amma ba za a mayar da shi baya ba. Zai zauna a bencinsa.

Na same shi a bakin ƙofar makaranta yana jirana, jaka a baya. Na faɗa masa. Bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya ce, "Umma, ban gama ba fa. Amma iya inda na kai, ni na karanta." Muka tafi gida yana riƙe da hannun ƙanwarsa, yana karanta mata allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, tana ce masa ya cika surutu.

Likitan hoto ya ce a kawo shi wata mai zuwa a ɗauki hoto na biyu, tare da sauran yaran ajinki, waɗanda ɗalibanki suka karɓa suka ci gaba da koyarwa. Zan kai shi, don aikinki ne, kuma ba ki taɓa son aiki rabi ba. Ban san abin da zai nuna ba. Ko me ya nuna, na riga na ji da kunnena.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina, wanda ya rasa uwa ya kuma rasa abokiyar shawara, da ƙannensa mata biyu, da ƙanwarki da ta kwana ta tashi da ke a asibiti ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ina miƙa ta ga likitan hoto da abokan aikinki, da ɗalibanki, da iyayen da suka shiga ofishinki kai a ƙasa suka fito suna kallon 'ya'yansu da sabon ido. Ina miƙa ta ga yaran da kika zauna da su, waɗanda suka girma da waɗanda ke kan tiren yashi har yanzu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi. Ka sa duk harafin da wani yaro zai karanta ta dalilinta ya zama lada mai gudana a gare ta. Ka kyautata namu ƙarshen in tamu ta zo. Mama, Allah Ya miƙa miki littafinki a hannun dama, Ya sa karanta shi ya zo miki da sauƙi. Amin.